Daren da wata tsohuwa ta miƙa mini mabuɗi a Zanzibar

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Bana shekarata shida a Darussalam ta ƙasar Tanzaniya, kuma duk wanda muka yi waya da shi tambayarsa ba ta wuce uku: nawa buhun shinkafa a can, ana ɗauke wuta, akwai aiki? Waɗannan na amsa su har na gaji. Abin da ya zaunar da ni rubutu yau kwana huɗu ne da na yi a tsibirin Zanzibar bayan ƙaramar salla, musamman daren farko, wanda har yanzu ya ƙi barin zuciyata.

Daga Darussalam zuwa Zanzibar tafiyar kamar awa biyu ce a jirgin ruwa mai gudu. Ƙasa ɗaya ce tun da Tanganyika da Zanzibar suka haɗe ranar 26 ga Afrilu 1964, amma baƙo in ya sauka sai ya bi layi an duba fasfonsa kamar ya shiga wata ƙasa dabam. Daga watan Oktoba 2024 ma an ƙara wa masu zuwa yawon buɗe ido daga waje kuɗin inshora na dole, dala 44 kowane mutum. Kana fitowa daga tasha kuma 'yan kamasho za su yi maka caa, wannan ya ja jakarka, wancan ya ce otal ɗin da ka kama ya cika. Mutanen garin da kansu suna kiran su papasi, wato kaska. Wannan bai dame ni ba, wanda ya saba da tashar mota a gida ba zai razana da su ba.

Na riga na kama ɗaki ta intanet a wani babban otal na bakin ruwa, na ba da kafin alƙalami, shaidar biya tana cikin wayata. Mu biyar muka isa gaban kanta lokaci ɗaya, Turawa huɗu da ni. Aka kawo musu tsumma mai sanyi na goge fuska da lemo a kofin gilashi, aka ɗauki jakunkunansu aka haye sama da su. Ni da na miƙa koren fasfona, yarinyar da ke kanta ta duba bangonsa, ta juya shi, ta ce in ɗan jira. Na jira sama da awa guda a tsaye. Daga baya manaja ya fito, cikin ladabi irin wanda ya fi zagi ciwo, ya ce sai dai in biya kuɗin kwanakin duka a hannu, kuma da dala, in ƙara da wani kuɗin ajiya a kai, domin sun sha wahala da katin bankin mutanen ƙasarmu. Na yi masa magana da Sawahili, na nuna masa takardar izinin zamana da katin wurin aikina. Ya ce dokar gidan ce. Na tambaye shi ko dokar ta hau kan mutum huɗun da suka wuce a gabana. Ya yi shiru yana gyara takardu.

Na ɗauki jakata na fita. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da manajan kaɗai ba. Na san waɗanda suka ja mana wannan: yaranmu 'yan damfarar intanet, da iyayen da suke ganin ɗansu ya shigo da mota ba su tambayi inda ya samo ba, da maroƙan da suke wasa su a wurin biki. Wake ɗaya ke ɓata gari. Su suna can suna fantamawa, mu da muke neman halal a ƙasar mutane mu ake tsayarwa a gaban kanta kamar ɓarayi. Duk da haka ban yafe wa otal ɗin ba, domin zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle bai zama ba.

Lokacin damina ne, wadda suke kira masika, ruwa kamar da bakin ƙwarya, magariba ta wuce. Ina tsaye a ƙarƙashin wata rumfa sai wani dattijo ɗan dako mai tura baro ya tambaye ni ko masauki nake nema. Na ce e. Ya ce in biyo shi wurin Bibi. Bibi a harshensu kaka ce, ko duk wata dattijuwa mai mutunci, kuma da wannan sunan zan kira ta a nan. Muka kutsa cikin Tsohon Gari, Mji Mkongwe. Lungunansa sun tuna mini da cikin birni wajen Kurmi, sai dai nan gidajen benaye ne hawa uku hawa huɗu, sun matse juna har mota ba ta shiga, ruwan indararo yana zuba a tsakiyar hanya. Muka tsaya a wata tsohuwar ƙofa ta katako mai sassaƙa, an jera mata ƙusoshin tagulla masu tsini. Dattijon ya ɗaga murya ya ce “Hodi!”, wato sallamarsu ta neman izinin shiga. Daga ciki aka ce “Karibu.”

Tsohuwa ce gajera, za ta haura saba'in, ta yafa zanen kanga, tabarau a hanci. Na rusuna na ce “Shikamoo, Bibi,” gaisuwar da ƙarami yake yi wa babba. Ta ce “Marahaba, ɗana.” Ta dubi rigata tana ɗigar ruwa, ta ce, “Ka ci abinci?” Na ce a'a. Ta ce, “Ka yi magariba?” Na ce a'a. Na ciro fasfo da jakar kuɗi, don in riga ta kafin ta tambaya, na kuma faɗa mata ɗan Najeriya ne ni, gara ta sani tun yanzu. Ta ture hannuna ta ce, “Mai da su. Dare ba lokacin lissafi ba ne, gobe ma rubuta sunanka a littafin hukuma.” Ta ciro mabuɗi daga ƙugiya ta miƙa mini.

'Yan uwa, ni babban mutum ne, ina da iyali, amma hawa matakalar nan sai da na tsaya na share ido.

Bari in gaya muku abin da na tarar a ɗakin, domin a nan maganar take. Ba na'urar sanyaya ɗaki, ba talabijin, ba tayil. Gado ne dogo na katako irin nasu, an ɗaura masa gidan sauro fari tas, na bi shi da fitilar waya ban ga huda ko ɗaya ba, inda ya taɓa yagewa an ɗinke da hannu. Fanka tana juyawa ba ƙara. Darduma a naɗe a kan kujera, alamar alƙibla a jikin bango, buta cike da ruwa a bakin banɗaki. Na murɗa famfo ruwa ya zo. Na danna makunni ƙwai ya kama. Sakatar ƙofa tana shiga raminta ba sai an ɗaga ƙyauren da kafaɗa ba. Tawul ɗin tsoho ne, ya yi laushi don yawan wanki, amma ƙamshin rana yake. Ban idar da salla ba aka ƙwanƙwasa, yaro ya ajiye faranti na shinkafa da miyar kifi da shayi mai citta da kanumfari.

Ku auna wannan da otal ɗin da na kwana a gida lokacin bikin ƙanwata. Ƙofar shiga kamar fadar sarki, fitilu masu lilo, marmara har bango, kuɗin kwana ya ninka na Bibi. Na shiga banɗaki na tarar da bokiti da moɗa a ƙarƙashin shawa mai tsada da ba ta taɓa aiki ba. Sha biyun dare aka kashe janareta ba wanda ya yi mini bayani. Da na sauko yin ƙorafi yaron kanta bai ɗago kansa daga waya ba, ya ce “Oga, sai haƙuri.” Mu komai sai haƙuri. Mun iya gini, mun iya bikin buɗewa da yanka zare, gyara ne ba mu iya ba. Famfon naira kaɗan zai lalace a gidan da aka kashe wa miliyoyi, a bar shi shekara, domin mai gidan yana Abuja, manajan ɗan ƙanwarsa ne da ba a iya kora, ma'aikatan kuma wata uku ba albashi.

Da safe bayan na karya, Bibi ta rubuta sunana da lambar fasfona a littafi, ta faɗi kuɗin kwana da shilin, ta ce in biya ranar tafiya. Sannan ta ce in hau saman soro in sha gahawa. A can, muna kallon rufin kwano masu tsatsa har zuwa teku, na tambaye ta yadda ta mallaki gidan. Ba a zama ɗaya ta ba ni labarin ba, kullum da la'asar take ɗorawa, ga shi yadda na harhaɗa.

Wani ɗan kasuwa Ba'indiye ne ya gina gidan a zamanin Sarki Barghash, wanda ya yi mulki daga 1870 zuwa 1888. Lokacin Zanzibar ce kasuwar gabashin Afirka gaba ɗaya, tun da Sayyid Sa'id na Oman ya maido fadarsa nan daga Maskat. Kanumfari, hauren giwa, da bayi, a kansu garin ya yi arziki. Bibi ba ta ɓoye wannan na ƙarshe ba. Ta nuna mini wani ɗaki mai duhu a ƙasa, inda yanzu take ajiye gawayi, ta ce a nan masu hidimar gidan suke kwana, kuma ba dukkansu ne 'ya'ya ba, akwai bayi a cikinsu. An rufe kasuwar bayin garin a 1873, amma bautar cikin gida ta daɗe bayan nan. Ƙasan gidan kanti ne da sito, sama iyali.

Jikokin ɗan kasuwar suna cikin gidan har ranar 12 ga Janairu 1964, ranar juyin juya halin da ya kifar da Sarki Jamshid wata guda kacal bayan samun 'yancin kai daga Ingila. An kashe mutane da yawa, Larabawa da Indiyawa masu yawa suka tsere ta ruwa, wasu Mombasa, wasu Oman, wasu Ingila. Masu gidan nan suna ciki. Gwamnatin Abeid Karume ta karɓe gidajen waɗanda suka gudu, ta zuba talakawa 'yan haya a ciki da kuɗi kaɗan. Haka Bibi ta shigo gidan tana yarinya ƙarama, ita da iyayenta da ƙannenta a ɗaki ɗaya, cikin iyalai tara da aka raba wa gidan. Ta ce mahaifiyarta ta yi murnar samun ɗaki mai taga, amma ta daɗe ba ta iya barci sosai ba saboda tabarmar mutanen da ta tarar a shimfiɗe da tukunya a kan murhu.

Abin da ya biyo baya kowa a cikinmu zai gane shi. Gidan kowa ne, don haka ba na kowa ba ne. Gwamnati ba ta gyara, ɗan haya ba ya gyara abin da ba nasa ba. Rufi ya fara yoyo aka tara kwano, bango ya tsage aka rataya zane. Wata damina hawan sama ya rufta, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. A shekarun 1980 gidaje da dama sun zube a Tsohon Gari ta haka. Sai zamanin Ali Hassan Mwinyi, wanda ya shugabanci Zanzibar a 1984 sannan Tanzaniya baki ɗaya daga 1985, mutumin da suke yi wa laƙabi da Mzee Rukhsa, dattijon ba da izini, saboda ya sakar wa mutane mara su yi kasuwanci. Gwamnati ta fara sayar wa mazauna gidajen, da sharaɗin su gyara. Mijin Bibi ma'aikacin jirgin ruwa ne, yana aiko da kuɗi daga tashoshin Larabawa, ita kuma tana ɗinki da tuyar mandazi, wani irin fanke nasu. Suka haɗa suka sayi kango. Sauran mazaunan ba ta kore su ba, ɗaya bayan ɗaya ta yi sulhu da su, ta taimaka musu suka sami wurin komawa, tsohuwa guda da ba ta da kowa ta bar ta a ɗakinta har ta rasu. Mijin bai ga ƙarshen aikin ba. Da ɗaki biyu ta fara saukar baƙi, yanzu bakwai ne, kuma ta ce ba za ta ƙara ba, bakwai ne iyakar abin da idonta zai iya gani kullum.

Wani yammaci na ga wani magini yana kwaɓa farar ƙasa a tsakar gida. Na ce, “Bibi, me ya sa ba za ki sa siminti ki huta ba?” Ta kama hannuna ta kai ni lungu ta nuna mini gidan maƙwabta, inda aka shafe da siminti, ya kumbura yana ɓarewa ɓawo-ɓawo, dutsen ciki ya zama gari. Gidajen nan da dutsen murjani na teku aka gina su, aka haɗa da farar ƙasa da jar ƙasa. Bangon yana shan danshi ya kuma fitar da shi. In ka rufe shi da siminti danshi da gishiri su maƙale a ciki, bango ya ruɓe ta ciki, sandunan rufi, waɗanda suke kira boriti, itacen da ke tsirowa a bakin teku, su ruɓe ta kai. Tsawon boritin ne ma ya ƙayyade faɗin ɗakunansu, shi ya sa suke dogaye marasa faɗi. Tana wannan bayani ni kuwa azara nake gani, da tubali, da yadda maginanmu suka ƙirƙiro bakan gizo don su faɗaɗa soro fiye da tsawon azarar giginya. Ina ganin gidajen ƙasa na cikin birni da muka lulluɓe da siminti muna cewa ci gaba, bayan damina biyu simintin ya rabu da bango ya faɗo. Makuba da ake yi da kwasfar ɗorawa, da laso, da yaɓen shekara-shekara bayan kaka, yau yara nawa ne a Kano suka san su?

Tana da littafi na biyu, ban da na hukuma. A ciki take rubuta duk gyaran da aka yi: ranar da aka canja boriti a ɗaki kaza, ranar da aka share magudanar rufi, ranar da aka shafa wa ƙofa mai. Daga kuɗin kowane baƙo tana cire wani kaso ta jefa a wani akwati kafin ta taɓa saura. Ta ce, “Ɗana, gida ma yana cin abinci. In ka hana shi, kai zai ci.” Ma'aikatanta uku ne, har da dattijon baro da take ba wa nasa duk lokacin da ya kawo baƙo, kuma mai dafa abincin ta fi shekara ashirin a gidan. Lokacin da wayar lantarkin ƙarƙashin teku ta lalace, tsibirin Unguja, wato babban tsibirin Zanzibar inda garin yake, ya zauna cikin duhu daga Disamba 2009 zuwa Maris 2010, ba ta rufe ba. Ta rage kuɗin ɗaki, ta faɗa wa kowane baƙo gaskiya tun a bakin ƙofa, aka riƙa hawo da ruwan rijiya a bokiti zuwa hawa na uku. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata ukun nan a wurinsu tarihi ne da ake ba da labarinsa.

Kada ku ɗauka aljanna na tarar. Zanzibar tana da nata. Majalisar Ɗinkin Duniya ta hannun UNESCO ta sa Tsohon Gari cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, duk da haka ginin da ya fi kowanne suna a garin, Beit al-Ajaib, gidan mamaki da Barghash ya gina a 1883, wani ɓangarensa ya rufta ranar 25 ga Disamba 2020 ana cikin gyaransa, ma'aikata biyu suka rasu. Manyan tsofaffin gidaje da yawa sun koma otal a hannun baƙi. Wanda aka fi sani Emerson Skeens ne, Ba'amurke, da ya mai da gidan attajiri Tharia Topan na layin Hurumzi otal, ya rasu a 2014. Bibi tana ganin mutuncinsa, ta ce ya koya wa mutane cewa tsohon gida dukiya ne, amma ta ce tun daga nan haya ta fi ƙarfin 'yan gari, 'ya'yan maƙwabtanta duk sun koma bayan gari. Ga Turawa masu yawo kusan tsirara a gaban masallaci, a garin da kusan kowa Musulmi ne. Ga farashi biyu, na ɗan gari da na baƙo, a kasuwar dare ta Forodhani. Ga babura a lungun da mutum biyu ba sa giftawa. Ga kuma pole pole, wato sannu-sannu, kalmar da za ka ji in ka aiki mutum abin minti biyar ya dawo bayan awa.

Abinci kuwa, a nan kewar gida ta fi kama ni. Komai da ruwan kwakwa, komai da ɗan zaƙi-zaƙi. Tsirensu, mishkaki, ba ƙuli-ƙuli ba yaji, nama ne kawai a tsinke. Ugali, tuwon masararsu, ya yi tauri, ba miyar kuka ba daddawa. Zafin kuma jiƙaƙƙe ne, ka yi wanka ka fito da gumi, har mutum ya riƙa begen hunturu da fasa leɓe. Sai dai kunne yana samun sauƙi: sabuni sabulu ne, habari labari, Alhamisi Alhamis, asubuhi asuba. Ku kula da agogonsu in kun zo, daga fitowar rana suke ƙirga awa, in aka ce maka ƙarfe biyu na safe, takwas ake nufi.

A yammacin ƙarshe ta ba ni wani labarin da ya ƙarasa ni. Wata shekara wani mutum mai furfura ya zo daga Kanada da 'yarsa, ya tsaya a lungu yana shafa ƙusoshin ƙofa. Ashe jikan masu gidan ne na asali, yana yaro aka gudu da shi. Maƙwabta suka ce ta yi hattara, ƙila gidan ya zo ƙwacewa. Ta shigo da shi, ta sauke shi a ɗakin da ya ce na kakarsa ne, ta ƙi karɓar ko sisi. Ta ciro wata butar gahawa ta tagulla da mahaifiyarta ta tsinta a gidan ranar da suka shigo, ta adana duk shekarun nan tana cewa kayan mutane ne, ta miƙa masa. Ta ce mutumin ya zauna a matakala ya yi kuka kamar yaro.

Da na ji haka kakana na tuna, Allah ya jiƙansa. Fatoma ne a Fagge. Yaran yanzu ba su san kalmar ba: mai saukar fatake ne, ya ba su ɗaki da abinci, ya ajiye musu kaya da kuɗi, ya nemo musu masu saye, ya tsaya musu in rigima ta tashi. Buzaye daga Agadas, mutanen Barno, masu goro daga Gwanja, duk suna sauka a zaurensa. Mahaifina ya sha ba mu labarin jakar kuɗin wani Buzu da ta shekara huɗu a rataye a ɗakin kakan, ba wanda ya kwance bakinta, har ɗansa ya zo ya karɓa. Irin waɗannan masu gidan su suka riƙe zangon Kumasi da Sabon Ibadan, da su kasuwancinmu ya kai inda ya kai ba banki ba takarda. Wato abin da ya sa ni hawaye a matakalar wata tsohuwa a tsakiyar teku namu ne tun fil azal. Baƙonka annabinka, mu muke faɗa.

To ina gidan kakan nawa yanzu? Bayan rasuwar baffanmu na ƙarshe aka taru rabon gado, aka ce a sayar kowa ya ɗauki nasa. Ina cikin waɗanda suka sa hannu, ta waya ma na ba da wakilci, kuma kasona da shi na ƙarasa wani gini. Yau shaguna ne hawa biyu a wurin, ana sayar da kayan waya. Zauren mai bakan gizo, da dagin da ke saman ƙofa, rana ɗaya katafila ta kwashe. Shari'a ba ta ce sai an rushe ba, ta ce a ba kowa haƙƙinsa ne, kuma magada suna iya barin gida tsaye su riƙa raba abin da yake kawowa. Mu ne ba mu yarda da juna ba har da za mu iya haka. Bibi ta tara 'ya'yanta tun tana da ƙarfi, sun rubuta a gaban shaidu cewa gidan zai ci gaba da aiki, 'yarta ta biyu da take koya wa littattafan nan za ta riƙe, riba a raba bisa yadda Allah ya tsara. Mu kuwa ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, shekara ɗari tara da suka wuce, muna kallo ana ɗibar ƙasarta ana yanka filaye a kanta. Ƙofar Na'isa aka rushe a 2010 don faɗaɗa titi, aka maye ta da ta kankare. Bature zai biya dala ya hau jirgi don ya kwana a gidan farar ƙasa a Zanzibar, mu muna jin kunyar a ce gidanmu na ƙasa ne.

Ranar tafiya na biya da wayata, kuɗin ya shiga nan take, ta rubuta mini rasit da hannunta. Na ƙara wani abu a kai ta mayar, ta ce in ina son yin alheri in ba dattijon baro. Ta ƙulle mini kanumfari na tsibirin Pemba a takarda, domin leda haramun ce a ƙasar, ta ce in kai wa mahaifiyata. Ta rako ni har bakin lungu tana riƙe da gefen zanenta saboda ruwa.

Tun ina cikin jirgi na kira Yaya. Gidan mahaifiyarmu na ƙauye yana nan, soro biyu da zaure, shekara uku ba a yi masa yaɓe ba, kuma mun riga mun yi maganar a rushe a sa bulo. Na ce, “Yaya, don Allah a dakata da maganar bulon nan. A nemo mini wanda ya iya makuba, ni zan biya.” Ya yi shiru, ya ce zai tambaya. Shekaranjiya ya kira ya ce an samu wani tsoho a ƙauyen gaba, idonsa ya fara rauni amma yana da yaro da yake koya wa, sun ce sai ruwa ya ɗauke za su zo su duba azarar.